Igiyar Woɗe

Saƙon mutanen daji ya iso Tungar Ƙirya ana tsakiyar bazara, lokacin da kowa ke sharar gona yana kallon gabas. Saƙon ba shi da tsawo: in garin na son ya yi shuka bana, ya kai musu saniya babba, lafiyayya, kafin ruwan farko ya sauka. Ba wanda ya ce musu ɓarayi ko 'yan bindiga. A wannan ƙauye na ƙasar Isa an daɗe da daina kiran abu da sunansa. "Mutanen nan" ake ce musu, da murya ƙasa-ƙasa, sai ka ce ana maganar surukai.

Dattawa suka zauna a gindin ƙiryar da garin ya ci sunanta, suka yi abin da suka ƙware a kai, wato jinjina kai da faɗin Allah ya kyauta. Zaman bai daɗe ba, domin babu abin zaɓe. Tun da aka kore garken garin bara, saniya babba guda ce ta rage, tana ɗaure a gidan marigayi Malami.

Sunanta Woɗe, wato ja a bakin Fulani. Doguwa ce mai manyan ƙahoni, da yanka biyu a kunnen hagu. Ciwon kofato ne ya tsirar da ita bara, don ranar da aka kore shanu tana gida. Sai dai ba ta Malami ba ce, kuma kowa a garin ya sani. Wani Bafulatani mai suna Sambo, wanda kan sauka a gonar Malami kowace kaka shanunsa su ci kara su bar taki, shi ya ɗaura masa ita habbanaye. Al'adar makiyaya ce: mutum ya ba amininsa aron karsana, ta haihu sau uku a hannunsa, 'ya'yan su zama nasa, uwar ta koma wa mai ita.

Woɗe ta cika nata alkawarin. Ɗanta na fari aka sayar aka kai Muntaka, autan Malami, kwalejin horon malamai a Sakkwato. Na biyu ya bi garken gari zuwa daji. Ta uku maraƙa ce, ba a daɗe da yaye ta ba. Malami ya rasu bai mayar da uwar ba, Sambo kuwa tun da hanyoyi suka lalace ba a sake ganinsa ba. An dai ce ya ƙetare iyaka ta wajen Sabon Birni.

Dalhatu, ƙanen Malami, dattawa suka aiko. Ya tarar da Muntaka yana zuba wa saniyar harawa, domin tun da aka rufe firamaren da yake koyarwa ba shi da ɗalibi sai ita da 'yarta. Suka gaisa, Dalhatu yana kallon ƙafafun saniyar.

"Muntaka, gari na roƙon Woɗe," in ji shi. "In Allah ya kawo amfani, kowane gida za shi kawo dame a biya ku."

"A biya mu, Bappa? Tamu ta?"

"To ta wa? Ina mai ita? Wa ya san ko yana da rai? Wa ya san ma ko ba ɗiyanshi na cikin dajin ga ba?"

"Da Baba na raye, kana iya faɗin wagga magana gabanshi?"

Dalhatu ya ɗago kai. Ba mugun mutum ba ne, kuma wannan ne abin takaicin. Da mugaye ne kaɗai ke miƙa wuya da abin ya zo da sauƙi.

"Da yana raye da ya ga abin da na gani," ya ce. "Ni na ɗauko gawar Jabir, manomin da mutanen nan sunka kashe, daga gona bara, hauyarshi na hannunshi. Kai kana Sakkwato kana karatu."

"Karatun da ɗan Woɗe ya biya. Bappa, bara waccan gero kunka ba su, sunka dawo sunka kwashi shanu. Bana saniya za ku ba su. Baɗi fa? In bisashe sun ƙare, mi za ku ɗaura ma igiya ku kai? Kuma duk cikin abin da za ku bayar ba ku samu ba sai amanar wani?"

"Turancinka ba shi tare harsashi, yaro. Jibi da safe za a zo a kwance ta. Na faɗa maka don girman mahaifinka, ba don ina neman izini ba."

Ya fita. Dakan da ake yi a bayan zana ya tsaya, Hajo mahaifiyar Muntaka ta fito tana goge hannu a zane. Ta ji komai.

"Inna, za ni fitar da ita kafin asuba," Muntaka ya ce. "In bi ta bayan gari, kafin su farga na yi nisa. Za ni kai ma Baba Sambo abinshi ko ina yake."

"Ɓarawo ka fita da saniya kafin asuba, Auta. Gobe motar Alhassan za ta Sabon Birni da bisashe. Ka bari rana ta fito, ka bi da ita ta gindin ƙirya."

"Za su tare ni."

"Su tare ka mana. Ina son in ga wanda za shi miƙa hannu gaban jama'a shi kama igiyar amana." Ta dubi maraƙar da ke lasar turke. "Amma ka sani, in uwar ta wuce, wagga za su waiwaya."

Muntaka ya juya ga turken. Maraƙar ita ce duk abin da mahaifinsa ya bar masa mai numfashi.

"Na sani," ya ce.

"To. Ita taka ta, kana iya asararta. Uwar ba taka ba ce."

Da hantsi ya kwance Woɗe da igiyar da ta zo da ita tun tana karsana, tsohuwar igiyar kaba da hannu ya goge har ta yi santsi. Maraƙar ta yi ta kuka a baya, uwar tana waige. Ya bi ta tsakiyar gari. Dattawa na nan a gindin ƙirya, ya yi musu sallama kamar yadda ya kamata, ya ce, "Za ni mayar da aro." Suka dubi juna, kowa na jiran wani ya tashi. Ba wanda ya tashi. Rashin zuciyar da ya sa suke biyan mutanen daji shi ne ya zaunar da su yanzu, ko sau ɗaya dai ya yi amfani.

Dalhatu ne kaɗai ya yi magana. "In sun zo, jinin na wuyanka, Muntaka."

"In sun zo, Bappa, jinin na wuyan wanda ya harba."

Alhassan direba ya yi ta ƙorafi kafin ya yarda a loda ta, wai ƙahonninta kaɗai sun ci wurin awaki huɗu. Muntaka ya hau baya ya tsaya kusa da ita, tare da wasu 'yan kasuwa masu kai kaya Nijar. Hanyar Isa zuwa Sabon Birni ta zama wata irin makaranta ga mai ido. Suka wuce ƙauyen da babu ko kaza, ƙofofi a buɗe. Suka wuce gonakin da sabara ta cinye. Suka wuce makarantar da aka kwashe kwanon rufinta, allon bango yana kallon sama. Duk inda aka wuce irin wannan, sai wani a motar ya ce, "Sai haƙuri," sauran su amsa. Muntaka ya ji kamar ya tambaye su ko haƙurin nan ana shuka shi ne a girbe, amma ya bar maganar don ƙura ta cika masa baki.

Kusa da Sabon Birni 'yan sa-kai suka tare hanya da gungumen itace. Shugabansu, wani dogo da ake kira Hafizullahi, ya zagayo bayan mota da bindigar toka a kafaɗa. Ya kama kunnen Woɗe ya duba yankan, sannan ya dubi tsagen da ke kumatun Muntaka.

"Ikon Allah," ya ce. "Bagobiri da saniyar Hillani. Saye ko sata?"

"Aro. Mai ita za ni kai mawa."

"Ku ji mini malam. Sun kwashe muna garke-garke, shi yana bin su da ƙari. Sauko da ita."

"Wanda ya kwashe naku daban, mai wagga daban."

"Duk kanwar ja ce. Sauko da ita na ce. Irinku ka yi musu dillanci, ku shiga kasuwa da fuskar mutanen kirki."

Fasinjoji suka sunkuyar da kai, kowa ya zama baƙon kowa. Alhassan ya kashe mota. Muntaka ya diro ƙasa shi kaɗai, ya bar saniyar a sama, ya tsaya gaban Hafizullahi har yana jin warin layun da ke ƙirjinsa.

"Bari in gaya maka inda ta fito. Dattawan garinmu sun yanke a kai ma 'yan bindiga ita gobe don a bar mu mu yi shuka. Ni na kwance ta gabansu na taho. In ka maishe ni, can za ta. Su sayar, su sayi harsashi, kai kuma kana nan bakin hanya kana jiran shi. In ka riƙe ta nan, ka ci amanar da ni ban ci ba, kuma mutanen motar ga sun gani. In ka ɗage icen ga, ta ƙetare iyaka, ba su ƙara jin ƙamshinta. Zaɓi guda."

Hafizullahi ya gyara bindigar a kafaɗarsa.

"Wane gari?"

"Tungar Ƙirya."

"Har yanzu biya kuke?"

"Su dai suna biya."

Dogon ya tofar da yawu gefe. Ya yi wa yaransa alama suka ja gungumen. "In ka iske Bahillacen naka," ya ce, "ka ce mishi wani mahaukaci ya rage a Gobir."

Daga Sabon Birni babu sauran mota. Ya ƙetare gulbi a ƙafa, babu ruwa sai rairayi mai zafi, ya kama burtalin da makiyaya ke bi zuwa arewa. Burtalin ya girmi iyakar, bai kuma san da ita ba. Muntaka bai gane ya shiga wata ƙasa ba sai da mai shayi a wani ƙauye ya tambaye shi sefa, kuɗin Nijar. A hankali ƙasa ta canza. Gawo da ƙirya suka yi ƙaranci, aduwa da goruba suka karɓe su, daga nan sai tumfafiya da tuddan rairayi. Inda rana ta faɗi ya nemi masauki, kuma bai taɓa rasawa ba. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne Woɗe. Tun da suka bar gulbi ta daina jiran a ja ta. Ta ɗaga hanci ta wuce gaba, igiya ta miƙe, ya zama shi ake ja.

A wata babbar rijiya ya tarar da taro. Buzaye na jan wasaki da raƙumi, raƙumin ya yi nisa da igiya kafin ruwa ya iso baki, matan Fulani na jere da jakuna da jarkoki, garkuna na tsaye kowanne na jiran layinsa. Muntaka ya ƙarasa da sauri, ko sallama bai gama ba.

"Don Allah ina garken Sambo? Wanda kan sauka ƙasar Isa da kaka."

Wata tsohuwa da ya ji ana kira Habi ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Wanga daga birni yake," ta ce da na kusa da ita, suka yi dariya. Ta miƙa masa ƙwarya. "Sha tukuna. Nan ba a tambayar hanya da busasshen maƙogwaro."

Ya sha. Bai ankara ba wani Buzu ya daka wa raƙumansa tsawa suka ja baya, aka buɗe wa Woɗe hanya zuwa komin ruwa, ita da ta zo ƙarshe. Muntaka ya ce ai za su jira layi. Buzun ya ce dabbar matafiyi ba ta layi, haka suka taras. Ba wanda ya yi gunaguni cikin masu jira tun safe. Ya tsaya yana kallo, yana tuna garinsu, inda rijiya ke kusa amma aka iya zama a yi shawarar cin amana.

Tana cikin sha Habi ta matso ta kama kunnen hagun. Ta kira wasu maza biyu, suka duba, suka yi magana da Fillanci a hankali.

"Sambo na nan lafiya lau," ta ce. "Ka bi tuddan can har ka iske kasuwa. Ka tambayi mai igiya."

"Garken fa? Can yake kiwo?"

Mazan suka juya ga shanunsu. Habi ta ɗauki ƙwaryarta.

"Rana na yi, ɗan Gobir. Ka kama hanya."

Ya tafi ransa a ɓace. Ashe nan ma haka suke, ya ce a zuciyarsa, ka yi tambaya a miƙe a ba ka amsa a karkace.

Kasuwar 'yan rumfuna ce a gindin tudu. Ya tambayi mai igiya, aka nuna masa rumfar ƙarshe. Wani tsoho na zaune a kan buzu, ya danne kaba da babban yatsan ƙafa yana tufka, igiyoyi a jere gabansa na sayarwa. Muntaka ya san shi da rawani da sanda a kafaɗa, yana tafe garke na bin sa kamar jan gajimare. Yanzu babu ko akuya a kusa da rumfar. Nan ya gane shirun bakin rijiya. Ba tsoro ne ya hana su faɗa ba. Ba su yarda su tsiraita mutum a gaban baƙo ba ne.

Ya yi sallama. Tsohon ya amsa bai ɗago ba. Sai Woɗe ta yi wani kuka gajere, ta ja igiya har cikin rumfa, ta sa hanci a kafaɗarsa. Hannuwan tsohon suka tsaya. Bai taɓa ta ba. Ya zauna yana kallon kabar da ke cinyarsa har sai da numfashinsa ya daidaita, sannan ya ɗago.

"Ɗan Malami," ya ce. "Ƙaramin."

"Ni ne, Baba Sambo."

"Ina shi?"

"Allah ya yi mishi rasuwa."

Suka yi addu'a. Sambo ya shimfiɗa masa gefen buzu, ya aika aka kawo fura, ya tambayi Hajo, ya tambayi gonar, ya tambayi aduwar da ke kan iyakarta ko tana nan. Saniyar na tsaye a kansa, shi kuma yana yi kamar bai gan ta ba. Sai da Muntaka ya ajiye ludayi tsohon ya ce:

"Ta cika uku?"

"Ta cika."

"Ban aika a kawo ta ba."

"Baba ya ce ba a jiran aike."

"Hakanan na." Sambo ya gyaɗa kai. "Mutanen da sunka tashe ku su sunka tashe ni. Rana guda. Wanda na sani cikinsu, uwarshi ta sha nono gidana. Na ɗauka Woɗe ma sun cinye ta tuni."

Muntaka ya gaya masa saƙon daji da shawarar gindin ƙirya, bai rage komai ba. Sambo ya saurara. Da ya gama, tsohon ya miƙe a hankali, ya dafa wuyan Woɗe, ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya shafa bayanta, ya tsaya a gefen cikinta ya danna da tafin hannu. Ya sake dannawa.

"Kun san tana da ciki?"

"Inna ta yi zato."

"Hajo ba ta zato." A karo na farko ya yi murmushi. "Kakar kakarta na gada wurin ubana. Na ɗauka iri ya yanke." Ya juyo. "Ji nan, ɗan Malami. Abin da ke cikin ga nawa na, yunwa ba ta san kunya ba. Na bayanshi, in mace ta, na ɗaura maka ita yadda na ɗaura ma ubanka."

"Baba, ba ka da komai. Ka tada garkenka tukuna."

"Ina da saniya tun ɗazu. Mai saniya ba a hana shi ɗauri."

Ya ɗauki sabuwar igiya cikin na sayarwa ya sa mata a wuya, ya kwance tsohuwar, ya naɗe ta a hannu ya miƙa wa Muntaka.

"Wagga ta san gidanku. Ka aje ta, ita za ta zo ɗaukar ɗiyar."

Muntaka ya isar masa da saƙon Hafizullahi kafin ya tafi. Sambo ya ce a gaya wa dogon mahaukatan biyu ne, tunda shi ya ɗage icen.

Komawa ta fi zuwa sauri, don ba mai jan sa sai ƙafarsa. Ruwan farko ya riga shi sauka. Ya shiga Tungar Ƙirya da la'asar, ƙasa na ƙamshi, mutane na dawowa daga shuka. Wasu suka amsa gaisuwarsa, wasu suka ga wani abu a sama da ya fi shi muhimmanci.

A gida babu maraƙa. Har turken an tumɓuke, yana yashe a jikin rumbu. Hajo na tankaɗe, ta ce ya zauna ya sha ruwa, ta tambaye shi ko Woɗe ta isa. Ya ce ta isa, ya nuna mata igiyar. Ta karɓa ta juya ta a hannu, ta mayar masa.

"Mutanen gari sun zo da safen da sunka ce," in ji ta. "Bappanka ya ce in kwance musu maraƙar. Na ce hannuna na cikin garin tuwo. Ya ce wani yaro shi kwance, na ce yaro ba shi shiga gidan ga. Sai da na tara matan unguwa sunka tsaya, sannan ya duƙa ya kwance da hannunshi. Ɗaurin ya cije, ya fizge turken don haushi. Sun haɗa da jakuna biyu sunka kai."

"An karɓa?"

"Je ka tambaye su."

Ya ɗauki turken a hannu guda, igiyar a ɗayan, ya fita. Dattawa na gindin ƙirya. Dalhatu ya gan shi tafe, ya riga shi magana.

"To, ka kai ma Bahillace saniyarshi, ka dawo da igiya. Ka ga ribar mutunci. Gadonka ya tafi, jakunan bayin Allah sun tafi, sai da munka yi ta roƙo kafin a karɓa. Kai ka yi tafiya da girmanka, mu munka zauna da tsoron."

"Gaskiya ta, Bappa, ku kunka zauna da shi. Maraƙar kuma na yafe, tawa ta. Abu guda nike tambaya. Sun ce shi ke nan?"

Liman ya shiga jan carbi.

"Sun ce shi ke nan, ko sun ce sai kaka?"

"An dai yi shuka," wani ya ce daga baya.

"An yi. Su za su girbe." Muntaka ya dube su ɗaya bayan ɗaya. "Can arewa na ga mutanen da ba su da ruwa sai na ƙarƙashin ƙasa mai nisa, sun ja raƙumansu baya don saniyar baƙo ta sha. Na ga tsohon da ɓarayin ga sunka bari da kaba da yatsan ƙafa, ya samu saniya guda, kafin rana ta faɗi ya yi kyauta da ɗiyarta. Mu nan muna da gulbi da gona, ba mu iya ko kiran ɓarawo ɓarawo. Ni dai na gaya muku tun yanzu: in an tashi tarin kaka, kada a tsaya ƙofarmu. Ko zangarniya guda ba ta fita."

"Sai su ƙone gidan," in ji Dalhatu.

"Su ƙone. Amma ba ni za ni miƙa musu ashana ba."

Ya juya. Bai shiga da turken cikin gida ba. A ƙofar gida ya tsaya, a fili, inda duk mai zuwa masallaci ko rijiya zai gani, ya kafa bakinsa a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Yana neman dutsen bugawa sai ga Hajo ta fito da taɓarya ta miƙa masa. Ya yi ta bugu har turken ya zauna, ƙarar na kaiwa gindin ƙirya. Ya ɗaura igiyar, ya ja ya ga ta kama.

Dalhatu ya biyo shi, ya tsaya daga nesa kaɗan, hannuwa a baya.

"Mi za ka ɗaure nan? Iska?"

"Karsana, Bappa. Tana tafe."

"Su gani su zo su ɗauka?"

"Sai dai su zo da kansu. Ba mai kai musu ita."

Dalhatu ya daɗe yana kallon igiyar. Ya san ta, shi ya riƙe ta ranar da Sambo ya miƙa wa yayansa. Sai aka kira salla. Hajo ta karɓi taɓaryarta ta koma ciki, Muntaka kuma ya zauna a dokin ƙofa yana kakkaɓe rairayin arewa daga takalmansa.